Yadda Na Fara Sa Na'urar Ji Bayan Ƙarar Masaƙa Ta Cinye Mini Kunne

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin saƙa a masaƙun Kakuri ya san ba a magana da baki a ciki. Injina jere suke sahu-sahu, kowanne yana dukan nasa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. In kana neman abokin aiki sai ka taɓa kafaɗarsa, ka yi masa nuni da hannu, ko ka kai baki daidai kunnensa ka ɗaga murya. Tun ina saurayi na shiga wannan aiki a Kaduna, ban fita ba sai da masaƙun suka fara durƙushewa a farkon shekarun 2000. In an tashi aiki kunnena kan yi ta ƙugi har in isa gida, maganar mutane ta koma can ƙasa-ƙasa, kafin gari ya waye kuma ya washe. Gajiya muka ɗauka. Sabon ma'aikaci in ya koka, sai tsofaffin hannu su ce masa ya yi haƙuri zai saba. Da aka sallame mu na haɗa ɗan abin da na samu na sayi injin niƙa da na markaɗe, wato daga wata ƙarar na faɗa wata.

Abin bai zo mini da shiru ba. Muryar mutum ina jin ta sarai, kalmomin ne ba sa fita. Maganar maza masu kaurin murya ba ta cika ba ni wahala ba, amma ta mata da ta yara ita ta fara kuɓuce mini. Yarinya za ta kawo niƙa ta faɗi saƙon uwarta, in ce "Na'am?" ta maimaita, in sake cewa "Na'am?" har kunya ta kama ni in gyaɗa kai kawai. Sittin da tis'in suka zama abu ɗaya a kunnena, kuma mai sana'ar da ake ƙirga kuɗi ya san abin da wannan ke jawowa. Rediyo kuwa, in na kunna labaran BBC da asuba har maƙwabta suna saurare. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na ji ana cewa na fara girman kai, ana yi mini sallama ba na amsawa. Majalisar da muke zama bayan Isha'i na rage zuwa, don in mutum huɗu suna magana lokaci ɗaya ba abin da nake tsinta, sai in ga an yi dariya ni ma in yi murmushi. Uwargida ce ta fito fili ta faɗa mini wata rana. Ta ce, "Malam, ba fa fushi kake da mu ba, na sani. Kunnen nan ne. A je a duba shi."

Kafin asibiti an bi hanyoyin da kowa ke bi. An ɗiga man zaitun, an sayo maganin ɗigawa a kemis, an ce datti ne a sakace. Ɗana ya kawo mini wata 'yar na'ura mai araha daga kasuwa, wadda ake maƙalawa a kunne. Ta ƙara ƙarfin komai daidai wa daida: ƙarar babur, kukan akuya da maganar mutum duk suka tashi tare, kaina ya yi ta sarawa, kalmomin kuma suna nan a cakuɗe. Na ajiye ta.

Babbar 'yata ce ta raka ni Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, asibitin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1999 don ciwon kunne da hanci da maƙogwaro. Bayan yankar kati da jiran layi, likita ya leƙa kunnuwana da ɗan fitilarsa. Ya sami datti ya taru a na hagu, aka cire. Na yi fatan a ce shi ke nan, amma da aka gama na ga bambancin kaɗan ne. Sai ya zauna ya jera mini tambayoyi, kuma daga tambayoyin nan na fahimci hanyoyin da ji ke bi ya lalace suna da yawa. Ko na taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko hangum? Ko kunnena ya taɓa zubar da ruwa ina yaro? Ko an taɓa yi mini allurar jentamaisin da yawa, ko siteraptomaisin da a da ake yi wa masu tarin fuka? Ina da ciwon suga ko hawan jini? A danginmu akwai wanda ya kurumce da wuri? Da ya zo kan sana'a na ce masaƙa sannan injin niƙa, sai ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "To Baba, mu je a auna."

Gwajin farko bai ɗauki lokaci ba. An sa mini wani ɗan roba a bakin kunne, na ji iska ta ɗan matsa ta sake, aka ce dodon kunnena yana motsi lafiya, babu ruwa a bayansa. Na biyun shi ne babba. Aka shigar da ni wani ɗan ƙaramin ɗaki mai kaurin bango, aka rufe ƙofa. A nan na ji ƙugin da ke cikin kaina tsirara, don babu wata ƙara ta waje da za ta rufe shi. Mai gwajin, wata matashiya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta ɗora mini abin saurare a kunnuwa biyu, ta ba ni maɓalli a hannu, ta ce duk sanda na ji sauti, komai ƙanƙantarsa, in danna. Ta koma bayan gilashi. Sautuka masu kauri na riƙa jin su ina dannawa. Da ta hau kan sirara sai na ga tana kallona, hannunta yana motsi a kan na'urarta, ni kuwa ina zaune da maɓalli ba abin da ya iso ni. Wani lokaci in rasa gane ko sautinta ne ko ƙugin kaina. Daga baya ta ɗora wani abu a kan ƙashin bayan kunnena, ta sake bin sautukan ta nan, sannan ta karanto kalmomi ina maimaitawa.

Takardar sakamakon tana nan a wurina. Layi biyu ne, na kunnen dama da jan zagaye, na hagu da shuɗin gicciye. Daga gefen hagu na takardar, inda sautuka masu kauri suke, layukan suna sama, kusa da na mai lafiya. Suna tafiya dama sai su gangaro, a daidai inda aka rubuta 4000 kuwa suka faɗa rami. Ta ɗora yatsa a wurin ta ce wannan ramin shi ne tambarin ƙara, da wuya ta gan shi ba ta sami injin a tarihin mutum ba. Ta yi mini bayani da Hausa tsaf. Can cikin kunne akwai wani lungu mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu 'yan gashi dubbai, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Waɗanda ke karɓar sirarun sautuka su ƙara ke fara kashewa, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Haruffa irin su s da sh da f da ts a can suke zaune, shi ya sa nake jin murya ba na jin kalma. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Mai lafiyar kunne yana jin sautin da bai wuce 20 ba. Ƙarar da ta kai 85, awa 8 ce iyakar abin da ya kamata ma'aikaci ya zauna cikinta a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, in ta kai 100 minti 15 ne kacal. Ɗakin saƙa irin na da yakan haura 90. Mu kuwa a ciki muke wuni, shekara da shekaru.

Na tambayi likita ko akwai allura ko tiyata. Ya ce irin tawa babu, don ba toshewa ba ce kuma ba dodon kunne ba ne. Abin da ya rage shi ne na'urar ji, da kuma kare sauran jin da Allah ya bar mini. Ya ƙara da wata magana da nake son kowa ya riƙe: wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ya tsaya ɗige-ɗige a gida, ya zo asibiti cikin kwanakin farko, don wannan irin ana iya ceto shi da magani in an yi sauri.

Na koma gida jikina a sanyaye. Abu biyu suka tsaya mini a rai: kuɗi da idon mutane. Na'urorin daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma tunda kunnuwan biyu ne suka taɓu, biyu aka ba ni shawarar sa wa. An ce da guda ɗaya za a iya farawa in hali bai yi ba, amma da biyu ne mutum ke gane ta ina sauti ya fito, kuma ya fi iya ware magana cikin hayaniya. 'Ya'yana suka yi karo-karo, na sayar da injin markaɗen, aka haɗa. Maganar idon mutane kuwa, 'yata ta ce, "Baba, mai tabarau wa yake yi wa kallon nakasasshe? Abin da mutane ke gani yanzu shi ne suna yi maka magana ba ka amsawa." Ban sami abin ce mata ba.

Na zaɓi irin wadda ke zama a bayan kunne, da siririn bututu da ke shiga cikin wani roba da aka yi daidai ramin kunnena. Akwai ƙanana da ke ɓuya a ciki gaba ɗaya, amma mai gwajin ta ce ga mutum mai zufa, mai aiki cikin ƙura, wanda yatsunsa suka yi kanta, ta bayan kunne ta fi jure wahala kuma ta fi sauƙin riƙewa. Akwai masu caji, akwai masu batir. Da na tuna halin wutar unguwarmu na ɗauki mai batir. Don yin roban, sai da aka cusa ɗan soso mai zare can ciki, aka matsa wani abu mai laushi ya cika kunnen, aka jira ya daskare, aka zaro shi da siffar kunnena. Aka ce in dawo in an gama.

Ranar da aka sa mini, an haɗa na'urorin da kwamfuta, aka shigar da sakamakon gwajina, ta yadda za su ɗaga sirarun sautukan da na rasa su ƙyale masu kaurin da nake ji. Bambancinsu da ta kasuwa ke nan. Da aka kunna, abin da ya fara dukana muryata ce. Na ce "Bismillah" na ji kamar na sa kai cikin randa ina magana. Sai ƙarar takarda a hannun mai gwajin, sai shafar rigata a jikin kujera, sai takun silifas a baranda. 'Yata ta koma bayana ta yi magana a hankali, ta tambaye ni me zan ci in mun koma gida. Na ba ta amsa ban juya ba. Ta yi shiru, da na waiwaya na ga tana share ido da gefen mayafi.

Nan ne mutane da yawa suke zaton an gama, alhali nan aikin yake farawa. Mai gwajin ta gargaɗe ni. Ta ce ƙwaƙwalwata ta shekara ba ta jin waɗannan sautuka, ta manta yadda ake watsar da marasa amfani, kuma sai an ba ta makonni, wani lokaci watanni, kafin ta koya. Ta ce da gangan ba ta buɗe mini ƙarfin gaba ɗaya ba, za a riƙa ƙarawa a hankali. Ta ce in sa su kullum, in fara da gida, kada in mai da su kayan zuwa biki. In abu ya dame ni in rubuta, in kawo mata.

Makon farko ya yi mini nauyi ƙwarai. Cokali in ya taɓa kwanon silba sai in ji har cikin haƙorina. Ruwan famfo a bokiti, kajin tsakar gida, fanka, ledar da jikata ke wasa da ita, har taunar da nake yi da bakina, kowanne yana neman hankalina. Kafin la'asar na gaji tilis. Sau da yawa hannuna ya kai kunne zan cire, in tuna kuɗin da yaran nan suka tara da maganar da aka yi mini, in bar su. Na sami ɗan littafi ina rubutawa: ƙarar kwanoni ta yi kaifi, muryata tana amsa-kuwwa, roban dama yana cin fata ta sama, a masallaci lasifika tana yi mini yawa. Da na koma aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka goge inda roban ke ci, aka faɗaɗa 'yar hudar iskar da ke jikinsa, muryata ta daidaita. Aka rage kaifin ƙara mai ƙarfi ba tare da an taɓa magana ba, aka kuma sa mini wani saiti na wurin hayaniya da nake canzawa da ɗan maɓalli. Na sha komawa kafin su zauna mini daidai. Na san mutum biyu da nasu na'urorin ke kwance a akwati, kuma da na bincika, ba wanda ya koma gyara ko sau ɗaya. An sa musu, sun ji ƙara ta yi yawa, suka yanke hukunci ba ta aiki. Wannan yana ba ni takaici, don kuɗin sun riga sun fita, abin da ya rage musu ɗan haƙuri ne da kuɗin mota.

Ban san ranar da abin ya sauya ba. Na dai lura wata rana fanka tana juyawa ban damu da ita ba, kuma jikata tana ba ni labarin makarantar allo ina bin ta tiryan-tiryan. Ƙugin cikin kaina ma in na'urorin suna kunne yakan ja baya, sai dare in na cire ya dawo.

Akwai hidimomin da ba a rubuta su a takardar da ke cikin kwali ba, sai zama da abin ya koya maka. Ruwa abokin gabarsu ne, don haka duk alwala sai na cire na sa a aljihun gaba, in na shafi kunne in tsane shi sosai kafin in mayar. Da farko in na ja hula ta sauko kan kunne sai su yi fito, mutanen sahu su waiwayo. Fiton yana zuwa ne in sauti ya tsere daga kunne ya koma cikin na'urar, ko dai roban bai zauna ba ko wani abu ya rufe ta. Yanzu na san yadda nake murɗa shi ya shige, hular kuma ina ɗan ɗaga ta. Matan da ke sa su sun ce hijabi yana gogar na'urar yana ba su ƙara, sai sun nemi yadi mai laushi. Da bazara zufa ke shiga, da damina laima, da hunturu ƙura ta toshe 'yan hudojin da sauti ke shiga. Kowane dare ina goge su da busasshen ƙyalle, in share bakin roban da ɗan burushi, in buɗe murfin batir, in sa su cikin gwangwanin da ke da ƙwayoyin tsotse laima. Bututun yakan bushe ya yi tauri bayan wasu watanni, a canza shi.

Batirin lamba-lamba ne, kowace da launinta: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Nawa 13 ne. Da iska yake aiki, shi ya sa yake zuwa da 'yar takarda manne a bayansa. In ka ɓare ta sai ka ɗan jira kamar minti ɗaya kafin ka sa, kuma da zarar ka ɓare ya fara ci ke nan, ko ka mayar da takardar. Ba kowane kemis ke da shi ba, don haka ba na bari ya ƙare mini ƙaf. Ina kulle su, sababbi da matattu, inda hannun yara ba ya kai, domin ƙanana ne masu sheƙi, kuma yaro in ya haɗiye ko ya cusa a hanci maganar gaggawa ce.

Ba kunnen samartaka suka dawo mini da shi ba, kuma ba wanda ya yi mini wannan alkawari. A kasuwa ko wurin ɗaurin aure har yanzu ina fama, sai in nemi gefe in zauna inda nake ganin fuskar mai magana. Mutanen gida su ma sun koyi nasu. Sun daina ƙwala mini magana daga ɗaki, sun gane ihu yana ƙara dagula kalma ne. Sai su kira ni tukuna, in juyo, su yi magana a natse. In ban gane ba su sauya kalmar maimakon maimaita ta da ƙarfi. Na koma majalisa, kuma na faɗa musu da bakina cewa in suna son ra'ayina su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Sun yi dariya, amma suna yi.

A wurin niƙa ba na sa su. Na'urar ji ba ta kare kunne daga ƙara, in ma ba a yi hankali ba ƙara masa take yi. Kafin a tayar da injin ina cire su in sa cikin gwangwani, in ɗora abin toshe kunne irin na ma'aikatan filin jirgi. Yaran da ke taya ni aiki ma na saya musu, na kuma ce wanda ba zai sa ba ya nemi wani wurin. Suna ganin takura ce, zafi yake yi musu. Na ɗauko takardar gwajina na nuna musu ramin nan na 4000, na ce ni ma a shekarunsu lafiya lau nake ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 430 ne a duniya ke da raunin jin da ke buƙatar taimako, kuma matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraren abu da ƙarfi. Ni ba sai na je nesa ba. Ina ganin masu walda, masu injin yankan katako, masu zama gefen janareta, da samarin da ke toshe kunne da waya tun safe.

Tsofaffin abokan aikina na masaƙa kusan duk wanda na haɗu da shi sai ya karkato kai ya ce in ƙara faɗa. Ɗaya daga cikinsu ya ga nawa ya ce in ara masa ya gwada. Na ce ba za su yi masa ba, don a kan ma'aunin kunnena aka saita su, amma zan raka shi a auna shi. Muka je. Shi ma an sami ramin ƙara a duka kunnuwan, sai dai a na dama an tarar da huda a dodon kunne, ragowar ciwon da ke zubar masa da ruwa tun yana yaro. Likita ya ce da ya toshe wannan kunnen da roba a haka, da ciwon ya tashi. Aka ba shi magani, aka hana ruwa shiga, aka sa masa ranar dawowa a duba ko za a yi masa aikin like hudar. Maganar na'ura an ce sai kunnen ya bushe tukuna.